Gujer, gashin cuku da nake tarbar baƙi da shi

Duk abin taɓa bakin da zan ajiye wa baƙi kafin babban abinci ya sauka, abu biyu nake nema a wurinsa: ya iso gabansu da ɗuminsa, kuma kada ya tsare ni a kicin ana can ana hira babu ni. Yawancin abubuwan da na sani ɗaya suke cikawa su bar ɗaya. Na suya sai an tsaya a kansa, mutum ya fito yana ƙaurin mai. Na sanyi kuwa ba ya nuna wa baƙo cewa dominsa aka yi. Gujer ne na samu ya haɗa duka biyun, shi ya sa na riƙe shi.

Ɗan ƙaramin gashi ne na fulawa da ƙwai da cuku, kumburarre, bayansa yana ƙaras a baki, cikinsa kuma kusan fanko, sai laushi da ƙamshin cuku. Asalinsa daga yankin Burgundy ne a Faransa, inda har akwai wani gari, Flogny-la-Chapelle, da ke yi masa biki duk shekara. Kwaɓinsa shi ne wanda Faransawa ke kira shu, irin wanda suke yin kayan zaƙi masu rami a ciki da shi, sai dai a nan cuku ne ya maye gurbin zaƙin.

Abin da ya fi jan hankalina tun farko shi ne babu yis a cikinsa, babu hodar tashi, amma yana kumbura ya ninka girmansa. Tururi kaɗai ke ɗaga shi. Ruwa idan ya zama tururi girmansa na ninkuwa fiye da sau 1,600, to ruwan da ke cikin kwaɓin shi ke hura shi daga ciki idan zafin oben ya buge shi, ƙwai da fulawa kuma su miƙe su riƙe iskar har su daskare a haka. Da na gane wannan sai dukan aikin ya zo mini da sauƙi, domin kowane mataki magana ɗaya yake yi: ruwa nawa ya shiga, nawa ya fita, kuma a wane lokaci.

Awon da na tsaya a kansa shi ne ruwa mililita 125, madara mililita 125, bota giram 100, gishiri rabin ƙaramin cokali, fulawa giram 150, ƙwai manya 4, da gogaggen cuku giram 130 zuwa 150. Ina ƙara masoro kaɗan da ɗan garin gyaɗar ƙamshi, wani lokaci da ƙaramin cokali na mastad. Wannan yana ba ni ƙanana tsakanin 35 da 40. Da sikeli nake awo, ba da kofi ba, saboda kofin fulawa na yau ba shi ne na gobe ba, ya danganta da yadda aka danna ta. Haɗa ruwa da madara rabi da rabi ra'ayina ne. Ruwa zalla yana sa bayan ya fi ƙaras, madara kuma tana kawo laushi da jan launi saboda sukarin da ke cikinta, ni kuwa duka biyun nake so.

Ina yanka botar ƙanana kafin in zuba a tukunya tare da ruwa da madara da gishiri. Dalilin shi ne ina so ta gama narkewa daidai lokacin da ruwan zai tafasa. Idan aka jefa ta dunƙule guda, ruwan zai yi ta tafasa yana ƙonewa kafin ta narke, awo ya lalace tun ba a je ko'ina ba. Da zarar ya tafaso sai in sauke tukunyar, in juye fulawar gaba ɗaya a lokaci guda, in kama tuƙi da muciya da ƙarfi. A sakan na farko abin ba ya da kyan gani, duk gudaji. Kafin a ankara sai ya haɗe ya zama curi ɗaya mai santsi, ya saki jikin tukunya.

Daga nan ne mutane da yawa ke gaggawa, alhali nan ne gindin aikin. Dole a mayar da tukunyar kan wuta matsakaiciya a ci gaba da tuƙi na minti biyu zuwa uku. Alamar da nake jira ita ce wani siririn ɓawo fari da ke shimfiɗuwa a gindin tukunya, da kuma ƙamshin fulawa da ya tashi daga na ɗanye ya koma na dafaffe. Abu biyu ke faruwa a wannan ɗan lokacin. Sitacin fulawar yana shan ruwa yana kumbura, shi ne zai ba kwaɓin jikin da zai riƙe tururi. Sannan wani ruwan yana fita, wanda hakan ke buɗe wa ƙwai wuri. Kwaɓin da aka busar da kyau ya fi shan ƙwai, wanda ya fi shan ƙwai kuwa ya fi tashi. Na taɓa raba kwaɓi ɗaya gida biyu da gangan don in gani da idona, rabi na busar rabi ban busar ba. Wanda ban busar ba ƙwai kaɗan ya sha ya saki, ya baje a tire, ya fito a kwance. Ɗayan ya tsaya cak.

Bayan an sauke sai a juye a kwano a bar shi ya sha iska. Ƙwai yana fara daskarewa da zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, don haka idan aka fasa shi a kan kwaɓi mai tururi, dafuwa zai yi ya zama tsaki-tsaki. Ina jujjuya shi na 'yan mintuna har sai na iya ɗora yatsa a kai ban janye ba.

Maganar ƙwai ita ce inda rubutaccen awo ke ƙarewa, ido ya karɓi aiki. An ce 4, amma ƙwai ba girmansu ɗaya ba, fulawa ma ba shan ruwanta ɗaya ba, busarwar yau kuma ba lallai ta yi daidai da ta jiya ba. Ɗaya bayan ɗaya nake sa su. Kowanne idan ya shiga, kwaɓin sai ya rarrabe ya yi sulɓi, mutum ya ɗauka ya ɓaci. A ci gaba da bugu kawai, zai dawo ya haɗe. Na ƙarshen kuwa ba na fasa shi kai tsaye. A ƙaramin kwano nake kaɗa shi, in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina dubawa. Gwajin shi ne in ɗaga muciya: idan kwaɓin ya zubo a hankali ya bar wani yanki yana reto kamar harshe, mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, yana kuma sheƙi, to ya isa. Idan ya manne ya ƙi saukowa, da sauran ƙwai. Idan ya tsiyaye, an wuce gona da iri, kuma zuba ɗanyar fulawa ba ya gyara shi, sai dai a tuƙa wani ɗan kwaɓin a haɗa. Shi ya sa na fi son in tsaya da sauran ƙwai a kwano. Ragowar ma tana da amfani, da ita nake shafe saman kafin gashi.

Cukun da aka saba yin gujer da shi su ne Gruyère na ƙasar Suwizalan da Comté na yankin tsaunukan Jura a Faransa. Dukansu na madarar shanu ne, masu tauri, kuma ba a fitar da su sai sun kwana: Comté aƙalla wata 4, Gruyère aƙalla wata 5. Wannan daɗewar ita ce sirrin, domin cuku yana rage ruwa yana ƙara ɗanɗano gwargwadon daɗewarsa, abin da kwaɓin nan yake so ke nan. Na gwada da Cheddar mai ƙarfi, ya yi daɗi ƙwarai, sai dai ya ɗan fi maiƙo kuma bai kai wancan tashi ba. Mozzarella ba ta dace ba ko kaɗan, kusan rabinta ruwa ne, ga rashin ɗanɗano, tana danne kwaɓin. Abin da na fi so yanzu shi ne kashi uku Gruyère, kashi ɗaya Parmesan na Italiya, wanda shi ba ya fita kasuwa sai ya yi wata 12. Yana kawo gishiri da kaifi ba tare da ya ƙara nauyi ba. Wanda zai sa Parmesan da yawa ya rage gishirin tukunya.

Da hannuna nake goga cukun, a ƙananan ramukan abin goga. Wanda ake sayarwa a goge cikin leda yawanci an barbaɗa masa sitaci ko makamancinsa don kada ya manne, kuma wannan yana hana shi narkewa yadda ya kamata. Akwai kuma abin da ya kamata mai gida ya sani saboda baƙinsa: waɗannan cukun na gargajiya da sinadarin da ake samu daga cikin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsu. Idan a cikin baƙin akwai mai kiyaye wannan, akwai cuku masu tauri da ake yi da sinadarin da ba na dabba ba, kuma ana rubutawa a jikin fakitin. Nakan tambaya tun lokacin gayyata.

Bayan ƙwai sun gama shiga sai in zuba gogaggen cukun a kwaɓin in gauraya, in rage kaɗan na barbaɗawa a sama. Jerawa ba ta da wuya. Takardar gashi a kan tire, sannan a ɗiga kwaɓin da ledar matsawa ko da ƙananan cokula biyu, kowanne faɗin santimita 3 zuwa 4, a bar tazara mai kyau a tsakani saboda za su buɗe. Tsinin da ke tsayawa a sama ina danne shi da jiƙaƙƙen yatsa, in ba haka ba shi zai fara ƙonewa. Sai shafin ƙwai, sai barbaɗen cukun da na rage.

Oben kuwa dole ya riga ya yi zafi sosai kafin tire ya shiga. Ina farawa da digiri 200 na kimanin minti 12 zuwa 15, lokacin da tururi ke aikinsa, sannan in rage zuwa 180 na wasu minti 10 zuwa 12 don cikin ya bushe. Mai oben mai fanka ya rage digiri 20 daga kowanne. A zangon farko ba a buɗe ƙofa, ko da ƙamshi ya cika gida. Ta gilashi nake leƙe. Ana ganinsu suna ɗagowa a hankali, saman yana tsattsagewa, cuku yana ɓulɓulowa a tsagar. A wannan lokacin bangonsu bai riga ya yi ƙarfi ba, tururi ne kawai ke tallafe da su, kuma iskar sanyi na shiga za su sace su kwanta, ba kuma za su sake tashi ba.

Launi ya fi agogo gaskiya a nan. Sau da yawa ana fitar da su da wuri saboda saman ya yi kyau, alhali gefen da cikin tsagar fari ne. Irin waɗannan suna fitowa da kyan gani, minti biyu a kan tebur sai su yamutse, saboda danshin ciki ya jiƙa bangon. Ina jira har gefen ma ya yi ja sosai, in ɗauki guda in ji ba shi da nauyi a hannu. Sannan in huda kowanne a gefe da tsinin wuƙa, in mayar da su oben da aka kashe, ƙofa a ɗan buɗe, na minti 5. Sauran tururin ta nan yake fita.

Yanzu ga abin da ya sa na ce gashin nan na mai baƙi ne. Ɗanyen kwaɓin yana jure firiza. Ina jera su a tire kamar zan gasa, in sa a firiza har su yi tauri, in kwashe in zuba a leda in ɗaure, suna iya yin wata guda a haka lafiya lau. Ranar da baƙi za su zo babu tukunya, babu muciya, babu kwanon wankewa. Ina kunna oben tun kafin su iso, idan sun zauna an gaisa sai in jera daskararrun a tire, ba tare da na bari sun narke ba, in ƙara kamar minti 5 a kan lokacin gashi. Na kwatanta wanda aka gasa nan take da wanda ya kwana a firiza, bambancin bai taka kara ya karya ba. Tsakanin sa tire da fitar da shi ina zaune cikin mutane, sau ɗaya kawai nake tashi in rage wuta.

Na kuma koyi kada in gasa duka a tashi ɗaya. Daɗin gujer yana cikin minti 15 zuwa 20 na farko bayan fitowarsa, yana da ɗumi, bayan yana ƙara, cikin yana da taushi. Don haka tire biyu nake yi, na biyu ya shiga lokacin da na farko ya fito. Wanda ya makara ma ya tarar da mai zafi. Ina lissafa 4 zuwa 5 ga kowane mutum idan akwai abinci a gaba, kuma ƙananan sun fi manyan karɓuwa, domin loma ɗaya ne, ba a neman faranti ko cokali, yara da tsofaffi duk suna iya ci. Akwai masu cusa musu haɗin cuku mai laushi a ramin ciki. Yana da daɗi, amma yana jiƙa bangon da wuri, kuma yana mayar da ni kicin a daidai lokacin da nake son zama, saboda haka na bar su haka nan.

Idan wani abu ya ragu, ba na rufe shi a roba da zafinsa, gumi zai yi ya saki. Sai ya huce sarai. Washegari minti 5 a oben mai digiri 180 yana dawo masa da ƙaras ɗinsa. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuwa ba ta yi masa, laushi take sa shi ya yi danƙo.