Ɗan Katin da Matasan Amurka Suka Yi Kokawa da Shi

Idan aka ambaci matasan Amurka da suka bijire a shekarun 1960, sai a tuno sumar da suka tara da kaɗe-kaɗen Woodstock na 1969. Amma ainihin rigimarsu da yaƙin Biyetnam tana kan wani ɗan kati ne da doka ta tilasta wa kowane saurayi yawo da shi a aljihu.

Duk namijin da ya cika shekara 18 sai ya yi rajistar aikin soja na dole. A lokacin akwai ƙananan ofisoshi kusan 4,000 a faɗin ƙasar, inda manyan yanki ke zama su ba kowane yaro matsayin da ake rubuta masa a kati. Mai 1-A ana iya kiransa kowane lokaci. Mai 2-S ɗalibin jami'a ne, an ɗaga masa ƙafa. Mai 4-F lafiyarsa ba ta kai ba. Mai 1-O kuwa imaninsa ne ya hana shi ɗaukar makami, sai ya yi aikin farar hula na shekara biyu, sau da yawa a asibiti. Abin takaici, a yawancin jihohi yaron da ake turawa fagen daga bai isa jefa ƙuri'a ba, don shekarun zaɓe 21 ne har zuwa 1971.

Samun 1-O shi ne mai wuya. Sai ka cike takarda ka bayyana imaninka, ka kawo wasiƙun shaidu, ka tsaya gaban manyan nan su yi maka tambayoyi. A nan da yawa suke faɗuwa: duk wanda ya ce wannan yaƙin kaɗai yake ƙi, ya kashe maganarsa da bakinsa, domin doka tana son mai ƙin yaƙi kowane iri. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1971. Wasu kuma sukan yi sakaci har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, ko su jira sai takardar kira ta iso, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi ya sa nake ganin masu ba da shawara kyauta a coci-coci da harabar jami'o'i sun ceci yara fiye da yadda ake yaba musu. Ɗan talaka da bai san da su ba, ba shi da likitan da zai rubuta masa takarda, shi ake sakawa a mota.

Masu ƙi a fili sun san abin da ke jiransu. A watan Agustan 1965 majalisa ta mai da ƙona katin laifi, hukuncinsa ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar dala 10,000. Ranar 15 ga Oktoba na shekarar wani matashi mai suna David Miller ya ƙona nasa a bainar jama'a a New York, ya kuma sha ɗauri. A wurin rantsar da sababbin sojoji, taku ɗaya ake nema: a kira sunanka ka matso gaba. Wannan takun Muhammad Ali ya ƙi yi a Houston ranar 28 ga Afrilu 1967. Aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa shekara biyar, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin.

Da ƙorafin son kai ya yi yawa, aka koma ƙuri'a ranar 1 ga Disamba 1969. An zuba ranakun haihuwa 366 cikin ƴan kwanso, aka riƙa zarowa. 14 ga Satumba ce ta fara fitowa. Sai dai wata-wata aka zuba su, ba a kuma cakuɗa sosai ba, don haka na ƙarshen shekara suka tsaya a sama. Haihuwar Disamba ta kwashi ƙananan lambobi, waɗanda su ake fara kira, kuma a 1970 an kira har lamba 195.

Dubban matasa sun tsallaka Kanada. An daina ɗaukar dole a 1973, kuma ranar 21 ga Janairu 1977 Shugaba Jimmy Carter ya yafe wa waɗanda suka ƙi amsa kira. Afuwar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka sa kaki sannan suka gudu ba, alhali su ne galibi ƴaƴan marasa hali da ba su taɓa samun 2-S ba.