Inda na kai da lamba 2 a zari-ruga

Salam 'yan uwa masu koyon zari-ruga, musamman waɗanda koci ya tura lamba 2 irina. Ga inda aka kwana.

Sikiram dai, wato turereniyar da 'yan wasa takwas-takwas ke yi a sunkuye don neman ƙwallo, alhamdulillahi na fara sabawa. Abin da ke tsorata sabon huka, wato mai lamba 2, shi ne hannayenka duka biyu suna rataye a bayan firof ɗinka, lamba 1 a hagu lamba 3 a dama, ga mutum biyar a baya suna turo ku ga takwas a gaba suna danno ku, in abin ya rufta ba ka da hannun dafa ƙasa. Don haka kar wanda ya yi wasa da tirenin ɗin wuya. Tun 2022 doka ta ce huka ya kafa ƙafa ɗaya a gaba kamar birki har sai rafari ya ba da umarnin haɗuwa, saboda kar nauyi ya sauka a tsakar kai. Lamba 9 ta hagu yake sako ƙwallo, kai kuma ka jingina nauyinka a ƙafar hagu ka shafo ta baya da ta dama, a hankali fa, in ka harbe ta da ƙarfi sai ta fice lamba 8 da ke can bayan sikiram bai shirya ba.

Amma wallahi jifan layin-awut, wato jefo ƙwallo daga gefen fili tsakanin layukan 'yan wasan ƙungiyoyin biyu bayan ta fita, shi ne aikin. Dole ƙwallo ta bi tsakiyar layuka biyun a miƙe kuma ta yi aƙalla mita 5, in ta karkace za ka iya ba abokan hamayya kyauta kuma kowa kai zai harara. Yanzu na yi alama da gawayi can sama a jikin katangar bayan gida, kullum da yamma ita nake jifa. Hannun dama a gindin ƙwallo, na hagu a gaba yana saita ta, gwiwar hannu a matse, bayan ta tashi yatsu su ci gaba da nuna alamar. Matsalar ita ce katanga ba ta tsalle. A fili inda hannun mai tsalle zai kai bayan an ɗaga shi nan za ka jefa, tun yana ƙasa ƙwallo ta bar hannunka, wannan sai da mutum ake koyonsa.

Wanda ke ganin gurbin nan wasa ne ya nemi fainal ɗin kofin duniya na 2023 a Faris. Hukan Afirka ta Kudu Bongi Mbonambi ya ji ciwo tun mintunan farko, Deon Fourie ya shigo ya ƙarasa wasan, Afirka ta Kudu ta sha da ƙyar 12 da 11, amma ku lura da yadda layin-awut ɗinsu ya riƙa tangal-tangal.

Jifan gaba da na tsakiya sun fara zama. Na can ƙarshen layi wajen mita 15 har yanzu sai a hankali, balle in na gaji ko iska na kaɗawa. Satin nan zan riƙa yin gudu tukun ina haki sannan in jefa. Masu gajeren hannu irina, da me kuke ƙara nisa, ƙugu ko ƙafa?