Kafin ka bar Bauchi zuwa Jamus, fara da harshen

Ɗalibin da ya samu gurbin musayar karatu daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Jihar Gombe zuwa Jamus, zango ɗaya ko biyu ne kawai a hannunsa. A can zangon hunturu yana farawa a watan Oktoba, na bazara kuma a Afrilu. Wata shida ba ya isar wanda ya sauka bai san ko gaisuwa ba. Kafin kunnensa ya buɗe, lokacin haɗa kaya ya yi. Shi ya sa nake ganin duk wanda takardarsa ta fito, ya kama Jamusanci tun yana gida, ko da darussan da zai ɗauka da Turanci ake koyar da su.

Matakan harshen shida ne: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Ka yi ƙoƙarin kaiwa A2 kafin tashi, domin da shi za ka iya cefane, ka fahimci wasiƙar ofis, ka faɗa wa likita inda ke maka ciwo. Mai son shiga aji na Jamusanci zalla kuwa, galibi sai ya ci jarrabawar DSH ko TestDaF. Cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci tana Legas, ta yi nisa, amma DW na da darussa kyauta a intanet. Sauke su da dare in sadarwa ta yi kyau, ka riƙa sauraro kullum ko da minti talatin ne.

Bahaushe na da gata a wannan harshe. Mun saba da namiji da tamace a sunayen abubuwa, Jamusanci ya ƙara na uku ne kawai: der, die, das. Sai dai jinsin ba ya bin hankali, yarinya ma das Mädchen ake cewa. Saboda haka kada ka haddace kalma tsirara. Rubuta ta da jinsinta da jam'inta a layi guda: das Haus, die Häuser, kamar yadda ake koya wa baƙo gida da gidaje. Wanda ya tsallake wannan a A1, zai sha wuya idan aka kai inda der ke komawa den ko dem, don ba shi da tushen da zai juya. Dogon wasali da gajere ma kunnenmu ya san su, shi ya sa bambanta Stadt, wato birni, da Staat, wato ƙasa, ba ya ba mu wahala. Wanda ya yi makarantar allo kuma, sautin ch na cikin Buch ɗan'uwan harafin kha ne, sannan ƙirgarsu irin ta Larabci ce: einundzwanzig, ɗaya da ashirin.

Inda muke tuntuɓe shi ne p da f, tun da a bakinmu sukan haɗu, su kuwa har jera su suke yi a kalma ɗaya kamar Pfand. Sai agogo. Idan aka ce maka halb drei, ƙarfe biyu da rabi ake nufi, ba uku da rabi ba. Mutane da dama sun rasa ganawa a ofis kan wannan. Malami da ma'aikaci da duk babba, Sie ake ce musu, wato "ku" na girmamawa, sai in su suka ba ka izinin du, wato "kai" ko "ke".

Batun takardu ba ya son wasa. Ana neman bizar karatu a ƙaramin ofishin jakadancin Jamus da ke Legas, kuma layin na da tsawo, don haka nemi rana da wuri. Wanda ba shi da tallafi irin na DAAD, hukumar musayar karatu ta Jamus, sai ya nuna kuɗin zama a rufaffen asusu, wanda tun 2024 ya kai Yuro 992 a kowane wata. Da ka shiga ɗaki, kwana 14 gare ka ka yi rajistar adireshi, Anmeldung, da takardar shaida daga mai gida. Asusun banki da izinin zama duk a kanta suke rataye. Manna sunanka a akwatin wasiƙa a ranar farko, in ba haka ba wasiƙun komawa suke yi. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida.

A kanti, Schwein alade ne, Schinken da Speck ma nasa ne, sannan a duba Gelatine, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, a jikin alewa. Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke.

Babban abin da ke cinye wata shidan shi ne zama cikin baƙi 'yan'uwanka, kuna Turanci safe da yamma. Su ma Jamusawan, da sun ji ka yi gargada sai su juya zuwa Turanci don tausayi. Ce musu "Bitte auf Deutsch", wato don Allah a yi da Jamusanci. Zaɓi ɗaki a gidan da ɗalibai ke haɗa kicin, wanda suke kira WG. Kuma jami'o'i irin su Hamburg da Leipzig da Frankfurt suna koyar da Hausa, akwai ɗaliban da ke neman wanda za su gyara bakinsu da shi. Ku yanka rana a mako: awa guda Hausa, awa guda Jamusanci, kowa da littafinsa na rubuta kurakuran da aka gyara masa.