Talatar da aka kawo mage cikin kwalin taliya

Tun kafin assalatu na farka, domin wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, batirin sola bai kai mu ko'ina ba, fankar ɗakin baya ta tsaya cak. Zafin Afrilu a Kano mutum ma da ƙyar yake sha, balle dabbar da ke yawo da bargo a jikinta. Na haska tocila na tarar da Sarki, ɗaya daga cikin magunan da nake riƙo, a miƙe kan tayil, baki buɗe, yana haki. Mage ba ta haki irin na kare, in ka ga ta buɗe baki tana neman iska to abin ya kai. Na ɗebo ruwan randa, na jiƙa tawul na shafe masa tafin ƙafafu da ƙasan ciki, na zauna ina masa fifita da maficin kaba har numfashinsa ya dawo daidai. Sai da na ji ya ja tsaki irin nasu ya juya min baya sannan na tashi na yi alwala.

Maguna bakwai ke hannuna yanzu, duk suna jiran gida. Huɗu irin na Farisa ne, waɗanda masu talla a Instagram ke kira Fashiyan, ɗaya mai naɗaɗɗen kunne, biyu kuma ruwa biyu. Babu wadda na saya a cikinsu. Kowace da kuɗi mai yawa wani ya saye ta, da ta fara ciwo ko gashi ya fara zuba aka nemi inda za a kai ta.

Bayan na sallami yara makaranta na shiga aikin ido. Kullum sai na goge wa 'yan Farisan nan kwantsa da auduga da dafaffen ruwa da ya huce, in ba haka ba hawayen ya bushe ya zama baƙin layi a gefen hanci, fatar wurin ta yi gyambo. Likita ya taɓa zana min abin a takarda: an yi ta haɗa masu gajeren hanci da masu gajeren hanci har fuskar ta shafe, hanyar da hawaye ke bi ya sauka cikin hanci ta lanƙwashe, ƙofofin hancin suka tsuke. Wannan fuskar da ake biyan kuɗi dominta ita ce ke hana su numfashi. Ni dai duk lokacin da na riƙe kan Sarki a tafin hannuna ina jin yana shaƙar iska da ƙara kamar mai mura, sai raina ya ɓaci da masu kiwon, ba da shi ba.

Biyu daga cikin magunan, Auduga da Hazo, suna tsohon sito su kaɗai saboda makero. Doguwar sumar Farisa maɓoyar wannan cuta ce, kafin ka ga tabon ya riga ya yaɗu. Maganin da likita ya rubuta ana ba su mako ɗaya a huta mako ɗaya, har zagaye uku, yau muka shiga na biyu. Na share, na goge ƙasa da Hypo kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, na kai shimfiɗarsu rana. Ƙwayar makero takan fi shekara a raye cikin gashin da ya zuba, kuma tana kama mutum. Da'irar da ta fito min a damtse watan jiya ba ta gama ɓacewa ba, shi ya sa na hana yara ko leƙa ƙofar.

Wajen sha ɗaya saura aka buga ƙofa. Wani saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba, adaidaita na jiransa, rungume da kwalin taliya da aka huda wa ramuka. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Anti, an ce ke ce mai karɓar maguna. Don Allah ki duba min ita." Ta yayarsa ce, ta yi aure ta bar masa. Kwana uku tana atishawa ba ta cin abinci, jiya da daddare ya ji jikinta da zafi, ya ɓalli rabin farasitamol ya ɗura mata.

Gabana ya faɗi. Na buɗe kwalin. Farar mage ce ƙarama, fuskar ta kumbura har idanun sun kusa rufewa, tafin ƙafafun gaba sun yi suntum, yawu na zuba. Na ɗaga leɓenta da yatsa, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma ruwan ƙasa kamar an shafa masa laka. Na ja mayafi, ban ko kulle kicin ba, muka faɗa adaidaitar.

A hanya yana ta tambaya, "Anti, ni na kashe ta ko?" Ban iya yi masa faɗa ba. A gidajenmu kowa ya ji zazzaɓi farasitamol ake miƙa masa, daga jariri har tsoho, ina yaron nan zai san hantar mage ba ta iya narkar da shi? Maganin yana lalata jininta ne har ya kasa ɗaukar iska, shi ne launin da na gani a dasashi. Ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babbar mage. Na ce masa ya yi ta addu'a, ya kuma tuno min ƙarfe nawa daidai ya ba ta.

Tambayar da likita ya fara yi ke nan. Awa goma sha uku. Ya girgiza kai, ya ce lokacin sa ta amai ya wuce, sai dai makarin, acetylcysteine, kuma babu shi a hannu. Ya sa mata ƙarin ruwa da iskar oksijin, ya rubuta sunan a takarda, yaron ya fita da gudu. Sai a kantin magani na uku ya samo. Ina riƙe da ita aka ba ta na farko, jikinta sanyi ƙalau a wannan rana, ma'auni ya nuna 36 alhali lafiyayyar mage tana tsakanin 38 da 39. Za a riƙa maimaitawa duk bayan awa shida. Likita ya ce, "Hajiya, ba zan miki alkawari ba. Kwana biyu zuwa uku za su nuna mana." Yaron ya zaro duk abin da ke aljihunsa ya ajiye kan tebur, na cika sauran daga kuɗin abincinsu na wata.

Na dawo gida bayan azahar, ban ci komai ba sai ruwa. Da la'asar baƙin da muka yi alkawari da su suka iso, wata Hajiya da 'yarta mai kimanin shekara goma. Suna shiga idon yarinyar ya sauka kan Dunƙule, mai naɗaɗɗen kunnen. Kowa ita yake fara so. Na zaunar da su na faɗa musu gaskiya. Wannan iri daga mage ɗaya ya samo asali, a wata gona a Sikotilan a 1961, kuma abin da ya naɗe kunnen lahani ne a guringuntsi, bai tsaya a kunne ba, yana cin gaɓoɓi. Na sa yarinyar ta taɓa wutsiyar Dunƙule a hankali ta ji yadda ta sandare, na nuna mata yadda take tsayawa gaban kujera tana kallo ba ta iya tsalle. Shekararta biyu kacal, maganin ciwon gaɓoɓi kuma har ƙarshen rayuwarta.

Hajiya ta saurara, sannan ta ce, "To Maman yara, za ta haihu dai ko?" Na ce an riga an yi mata aiki, duk wadda za ta bar gidan nan sai an yi mata. Na ga fuskarta ta sauya. Ta tambayi kuɗi, na ce ba na sayarwa, sharuɗɗa ne kawai: allurar riga-kafi a kan lokaci, ɗaki mai iska, ba madara, ba maganin ƙumar karnuka domin yana kashe mage, kuma in abin ya gagara a dawo min da ita, kada a sake ta a titi. Mage irin wannan ba ta san farauta ba, sumarta cuɗewa take har ta ja fata. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, tun muna Islamiyya muka haddace shi, amma ban kawo shi ba, don Hajiya ba muguwa ba ce, lissafinta ne daban da nawa.

Muna wannan magana yarinyar ta zame ta zauna kusa da Sarki. Ta ce, "Anti, idonsa yana kuka." Na miƙa mata auduga na nuna mata daga ciki zuwa waje, sabon guntu ga kowane ido. Ta goge a hankali, harshenta a waje don natsuwa, shi kuma ya lumshe ya bar ta. Sun tafi hannu rabbana, amma a bakin ƙofa ta ja mayafin uwarta ta ce ko za a kawo ta ranar Asabar. Hajiya ta ce za ta yi shawara da Alhaji.

Bayan isha'i Abban yara ya kai ni asibitin. Kumburin fuskar bai sauka ba, fitsarin da ta yi duhu ne kamar shayi, amma ta ɗago kai da ta ji an buɗe kejin, dasashin kuma na ga kamar ya ɗan washe, ko idona ne. Saurayin na zaune kan benci a waje tun rana, ya ƙi tafiya. Na tambaye shi sunanta, ya ce yayarsa Amarya take ce mata. Mai gadin ya yarda ya bar shi ya kwana a baranda, ni kuma na karɓi lambar ma'aikacin dare, na saita ƙararrawar waya ƙarfe ɗaya, lokacin magani na uku.