Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ɗakin Kati

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya samo mini aiki a wani asibiti mai zaman kansa a nan Jos, bayan na shekara biyu a gida, takardar difloma na ƙarƙashin katifa. Litinin ɗin da na fara, cikin Janairun 2016, hunturu ya sauko da gaske. Na hau Keke Napep daga Unguwar Rogo hannuwana cikin hijabi. Bakwai saura na isa, amma tuni benci ya cika, kowa da ɗan katinsa a hannu.

Shugaban ɗakin kati wani dattijo ne mutumin Pankshin, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Baba kowa ke ce masa. Bai tambaye ni takarduna ba, ƙaramin kati ya ɗora a tafin hannuna, ya ajiye folda a gabana.

“'Yata, wannan ƙaramin na mara lafiya ne, da shi zai tafi gida. Wannan babbar tamu ce, ba ta fita ƙofar asibiti. Lambar nan ita ce igiyar da ta ɗaure su.”

Cikin folda ake samun komai: abin da ya kawo mutum, abin da likita ya gano, sakamakon gwaji, maganin da aka rubuta, ranar kwantarwa da ranar sallama. Idan akwai maganin da jikin mutum ba ya so, da jan biro ake rubuta shi a bango.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jera folda. Lambar ba daga farko ake karanta ta ba, daga wutsiya ake farawa. Idan ta ce 04-27-63, kanta ta 63 za ki nufa, a cikinta ki nemi 27, sannan 04. Kantocin ɗari ne, daga 00 zuwa 99. Da na tambayi dalili, Baba ya ce in da daga farko ake bi, duk sababbin foldoji wuri ɗaya za su taru, ma'aikata su yi ta gogayya a lungu guda. Kuma duk foldar da aka zare, sai an soka wani kati a gurbinta, tiresa suke ce masa, a rubuta wanda ya ɗauka da inda aka kai ta. Har yau in na ga ana raina wannan aiki ana cewa ai yankan kati ne kawai, raina yakan ɓaci.

Masu inshora layinsu daban. A lokacin NHIS ake ce wa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, sai a 2022 aka mayar da ita NHIA. Ki duba sunan mutum a jerin da kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar lafiyarsa, ya aiko, ki gaya masa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani zai biya, in kuma za a tura shi wurin ƙwararren likita, sai HMO ta ba da lambar izini. Cututtuka ma da lambobinsu a kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na farko da na haddace I10, hawan jini, da B54, zazzaɓin cizon sauro, don kullum sai na rubuta su.

A mako na uku ne na yi kuskuren da ban manta ba. Wata tsohuwa daga Gangare ta zo, ta kwance bakin zane ta duba, babu kati.

“'Yar nan, jikokina ne suka yi wasa da shi. Ki taimake ni, tun asuba nake tafe.”

“Ba komai Inna, faɗa mini sunanki.”

Na duba rajista, na ga sunan, na zaro folda na miƙa, har ina jin daɗin saurina. Minti goma ba a yi ba sai ga nas ta dawo da ita. Ashe ta wata ce daban: foldar ta ce shekara 26, mai zuwa awon ciki. Sunansu ɗaya, har na mahaifi. Da muka nemo ta Inna ta gaskiya, jikina ya yi sanyi: a bangonta an rubuta da jan biro cewa fenisilin ba ya karɓar ta. Ita kuwa tari da ciwon ƙirji suka kawo ta.

Na shiga bayan kanta na yi kuka. Baba bai daka mini tsawa ba. Ya bari aka rage layi, sannan ya ce daga yau wanda duk ya zo ba kati, in tambaye shi abu uku bayan suna: shekaru, unguwa, da sunan makusancin da aka rubuta masa ranar buɗe folda. Ya sa na rubuta wa Inna sabon kati da tsohuwar lambarta, na sa mata shi a leda, na kai mata har benci na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ranar Alhamis ta wannan makon, Baba ya fita sallar wani maƙwabcinsa da ya rasu, ni kaɗai ce a taga. Sai ga wani mutum da babbar riga ya ajiye katin matarsa, ya ɗora dubu biyar a kai, ya ce so yake ya ga abin da likita ya rubuta mata jiya.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.