Talata a kan hanyar Duwala

Daren Talata, unguwar New Bell, Duwala, Kamaru.

Jiya da magariba ejan da ke fitar mana da kaya a Duwala ya kira ni, ya ce kwantenar da muka haɗa kaya a ciki ta fita daga tashar jirgin ruwa, an sauke ta a sito, in zo kafin azahar in ware dilolin shaddata. Na ce masa to, da yardar Allah. Ana idar da sallar asuba a unguwar Birikiteri ta Yawunde na tari tasi zuwa Mvan, inda tashoshin motocin Duwala suke a jere. An kwana ana ruwa, ko'ina jan laka. Na yanki tikitin babbar bas, ba mai sanyin nan ta manya ba, muka tashi bakwai saura.

Tsakanin Yawunde da Duwala kilomita 240 ne ko kusa da haka. A lissafi awa huɗu ta ishi mutum. Amma duk wanda ya saba da hanyar ba ya yi wa kowa alkawarin lokacin isa, sai dai ya ce ga shi nan tafe.

Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijo mai farin gemu, ya rungume ledar goro a cinya. Da Fulatanci ya fara gaishe ni, da ya ji bakina sai ya juya Hausa. Mutumin Ngaundare ne, tsohon direban tirela, ya ce ƙuruciyarsa duk a tsakanin Duwala da Njamena ta ƙare. Yanzu ido ya yi rauni, ya ajiye tuƙi, za shi ganin jikarsa da ta haihu.

"Ɗana, ina aka nufa?"

"Duwala, Baba."

"Duk can muka nufa, in gingimari ta bar mu."

Ba mu yi nisa ba na gane abin da yake nufi, ko da yake ba yau na fara gani ba. Muna wuce shingen biyan kuɗin hanya na Mbankomo, inda direba ya miƙa sefa 500, muka tarar da ayarin motocin gungume. Ta gabanmu guda uku kacal ta ɗauko, amma kowane ɗaya kaurinsa ya kusa tsayin mutum, an ɗaure su da sarƙa, an rubuta lambobi da fenti a goshinsu, ga wani jan tsumma yana lilo a ƙarshen mafi tsawon. Daga dazukan gabashin ƙasar nan ake sare su, wasu daga Afirka ta Tsakiya da arewacin Kongo, duk bakin teku suka nufa. Motar tana hawa tudu tana nishi, baƙin hayaƙi yana shigo mana ta taga. Direbanmu ya leƙa hagu, ya koma. Ya sake leƙawa, wata tankar mai ta wuce fuu, ya koma. Matan da ke gaba suka hau shi da faɗa da Faransanci, wai ba buhunan rogo ya ɗauko ba.

Baba bai ko ɗaga murya ba. Ya nuna min fitilar bayan gingimarin, ya ce in duba. In mai babbar mota ya kunna sigina ta hagu, yana gaya maka ne akwai mota tafe, ka zauna inda kake. In ya kunna ta dama, ya ba ka hanya. Ya ce yaran yanzu ba sa jiran wannan, kowa gani yake shi kaɗai ke sauri. Can kuwa sai ta dama ta fara ƙiftawa, direbanmu ya taka, muka wuce. Na ji wata tsohuwa a baya ta sauke ajiyar zuciya.

Abin da ke ba ni haushi da wannan hanya ke nan. Layi biyu ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, sai ɗan ƙarin layi a wasu hawa. A kansu ake so bas mai mutum 70, da ƙaramar motar ma'aikacin gwamnati, da tirela mai siminti, da ɗan babur mai ɗauke da ayaba duk su zauna lafiya. Kuma ba Kamaru kaɗai ke ci ta nan ba. Chadi da Afirka ta Tsakiya ba su da teku, mafi yawan abin da suke shigowa da shi ta Duwala yake sauka. Shinkafa, fulawa, ƙarfen gini, duk sai sun hau wannan kwaltar zuwa Yawunde, su bi ta Bertuwa zuwa Garwa-Bulai, na Bangi su ratse a can, na Njamena su miƙe Ngaundare, Garwa, Marwa, har Kuseri. A dawowa kuma ga auduga, ga albasar arewa, ga shanu. Hanyar kamar maƙogwaro take, ƙasa uku na haɗiya ta cikinsa, mu fasinja kuwa sai abin da manyan motoci suka rage mana.

Bayan Matomb kaɗan muka fara ganin tsugunan ciyawa da rassan itace an jera a tsakiyar titi. Kowa ya san ma'anarsu. Muka tsaya cak. Karen motarmu ya sauka ya taka gaba, ya dawo ya ce tirela ce mai kwantena ta kwanta a kwana, ta tare layi ɗaya da rabin ɗayan. Direban da yaronsa sun fita lafiya, alhamdu lillahi. Jandarmomi suna sakin ɓangare ɗaya, su tsayar, su saki ɗayan. Sai dai kafin a ce haka masu ƙananan motoci sun riga sun cika layin masu tahowa, aka yi cirko-cirko, babu mai iya gaba babu mai iya baya.

Ban san daga ina masu talla suke ɓullowa ba. Daji ne hagu da dama, amma kafin rabin awa ga mata da tire a ka, gasasshiyar agada, gyaɗa, ruwan leda, da ƙullin rogon nan na mutanen Basa da ake naɗewa a ganye a dafa da manja. Na sayi biyu, na miƙa wa Baba ɗaya, ya ce haƙoransa sun gode, goro ya ishe shi.

A tsaye a bakin titi ya ɗauko zancen 2016. Ya ce ai nan kusa ne, a Manyai. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba, bayan ruwan da aka yi, kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ya rufta, hanya ta rabu biyu, Yawunde da Duwala suka yanke daga juna. Jama'a suka yi tururuwa zuwa tashar jirgin ƙasa. Aka ƙara wa jirgin tarago takwas don ya kwashe su. Da ya iso Eseka wajen tsakar rana sai ya kauce daga kan dogo. Mutum 79 gwamnati ta ce sun rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. Ni ina Birikiteri ranar, ina tuna yadda aka fito daga masallacin Juma'a kowa na danna waya yana neman nasa. Baba ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai, kwalbati ɗaya ne fa, bututun ƙarfe da ruwa ke bi, shi ya tura mutanen nan cikin jirgin. Muka yi musu addu'a.

Wani matashi mai jakar kwamfuta ya sa baki, ya ce ai sabuwar babbar hanya tana zuwa. Mutane suka yi dariya, ba da mugunta ba. Tun 2014 wani kamfanin Sin ya fara aikin, kuma abin da aka gama shi ne kashi na farko, kilomita 60 daga wajen Yawunde zuwa Bibodi. Na taɓa binta, shimfiɗaɗɗiya, har barci take sa mutum. Amma Duwala tana can gaba da nisa, tirelolin kuma suna nan tare da mu.

Sai wajen sha ɗaya da rabi aka janye motar muka samu wucewa. A Bumnyebel, inda hanyar Eseka ta rabu, masu talla suka yanyame tagogi. A dazukan yankin nan ne sojojin Faransa suka kashe Ruben Um Nyobe, jagoran masu fafutukar 'yancin Kamaru, a watan Satumba na 1958, shekara biyu ba ta cika ba kafin ƙasar ta samu 'yancin da yake nema. Yawancinmu dai sanin garin da muka yi bai wuce wurin sayen ayaba ba. Puma kuwa ban gan ta ba, gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Na farka a Edeya. Kogin Sanaga ya cika ya batse, ruwan ja wur. Ga tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka gina a 1911 tana nan tsaye a gefe, ga masana'antar alminiyam ta Alucam da ke shan wutar madatsar ruwan garin. A nan hanyar Kiribi take haɗuwa da tamu. Baba ya ce da aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Kiribi a 2018 mutane sun ɗauka sauƙi ya zo. Jiragen ruwa dai sun samu sauƙin, don tashar Duwala a cikin bakin kogin Wuri take, kullum sai an yashe yashi kafin jirgi ya shiga, manya-manyan ma ba sa iyawa, Kiribi kuwa teku ce mai zurfi. Amma kwantenar da ta sauka a Kiribi, in Yawunde ko arewa za ta, galibi nan Edeya take fitowa ta hau wannan kwaltar dai. Tasha biyu yanzu, hanya ɗaya.

Daga gadar Dibamba zuwa Yasa, a bakin shiga Duwala, tafiyar ta koma ta hawainiya. Na ga uku ta gota, na yi wa Baba sallama, ya sa min albarka, ya damƙa min goro biyu. Na sauka na hau bensikin, ɗan acaɓan ya dinga ratsawa da ni tsakanin tayoyin tirela har gwiwata na gogar ƙarfe. Cunkoson mahaɗar Ndokoti kuwa ba a magana.

Da na isa sito abokan haɗin namu sun kwashe nasu tun da hantsi, 'yan dako sun watse. Ejan ya dube ni ya ce, "Alhaji, azahar muka yi da kai." Na ce masa ya je ya tambayi tirelar da ke kwance a Matomb. Dilolina dai suna nan cif, na ƙirga, na farke ɗaya na duba, babu jiƙa. Na rama sallolina a nan bakin siton.

Mun daidaita da wani mai babbar mota ɗan Marwa da zai tashi gobe da dare, zai sauke min su a Yawunde kafin ya wuce arewa. Ya so ya tsuga kuɗi, wai gas ya yi tsada, ga sikeli, ga shingaye. Mun ja, mun ja, ya rage kaɗan.

Yanzu ina gidan Kawu. Inna ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ga zafin Duwala ko da dare bai san sauƙi ba. Kawu ya dage in koma a jirgin ƙasa, ya ce ya gaji da jin labarin hanyar nan. Na ce masa zan leƙa tasha da safe, in na samu kujera shi ke nan, in ban samu ba sai bas ɗin ƙarfe tara. Saura in kira yaron shago ya nemo 'yan dako biyu da mai kura, su jira motar jibi da asuba.