Bashin Waya Ba Jingina? Wa Ya Ce?

Jama'a wannan bashin da ake karɓa ta manhaja cikin 'yan mintuna, wai ba jingina ba mai tsaya maka, wallahi yana damuna sosai, don jingina kam akwai ta, faɗa maka ne kawai ba a yi ba. Tun lokacin da manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka da saƙonninka, kai kuma kana cikin matsi ka danna ka yarda ba ka karanta komai ba, ka riga ka miƙa ta. Ka yi lattin biya ko na kwana biyu ne, sai saƙo ya fara zuwa wa surukinka da ogan wurin aikinka da mutanen da rabonka da su an daɗe, wai kai macuci ne, wasu har hotonka suke liƙawa. Mutuncinka suka riƙe. Abin ya yi ƙamarin da a ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, amma waɗanda ake turo linkinsu ta WhatsApp ba ruwansu da wannan doka.

Ga kuɗin ruwa kuma. Za a ce kashi 15 ne kacal a sati biyu, ka ji kamar ba komai, to sati bibbiyu sau 26 ne a shekara, kashi 390 ke nan. Wasu tun kafin alat ya shigo sun zare kuɗin aikinsu, amma ruwan a kan duka za ka biya, daga nan sai mutum ya ci bashi a wata manhajar don ya toshe ta farko.

Wanda bai taɓa cin irin wannan bashin ba ma bai tsira ba fa. A 2017 aka kutsa Equifax, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane a Amurka, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, da yawansu ba su taɓa yin hulɗa da kamfanin da kansu ba, bankuna ne ke tura masa. In bayanan kati suka fita ana toshewa a yi sabo, ranar haihuwa fa? Shi ya sa ɗan damfara zai kira ka ya ambaci cikakken sunanka da bankinka har hankalinka ya kwanta, abin da ya rage masa lambar OTP ɗin nan ce, ta sirri mai aiki sau ɗaya, da ta shigo wayarka yanzu. Banki ba ya tambayar ta, ba ya tambayar PIN. Ni dai kashe wayar nake yi, in kira lambar da ke bayan katina.